JININ GIDAN BADARU

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun da sassafe cewa na bar Juwairiyya tana gudu a tsakiyar gari, to ga ta nan ta iso, ku karɓi abarku. Hawwa ta Dingaya, na ga kin rubuta cewa Baba Badaru mugu ne. Karanta wannan tukuna, sai mu yi magana.

*

Tunda Juwairiyya take, ba ta taɓa shiga gidan ubanta babu sallama ba sai yau.

Bara'atu, matar yayanta, na biye da ita tana haki, goyo na rawa a bayanta. Ita ce ta je ƙaramin asibitin Kafin Baushe da hantsi da sunan kai yarinya awo. Sai da layi ya ƙare ta matso ta raɗa wa Juwairiyya, ma'aikaciyar jinyar wurin, abin da aka hana kowa faɗa: tun jiya da la'asar kububuwa ta sari mijinta Ashiru a gona, yana nan kwance a ɗakin maganin Baba.

Ɗakin da ake kawo mutane daga Kwandiko, daga Yalwan Damai, har daga ƙasar Bauchi. Tun kakanni gidan Badaru ke maganin saran maciji, kuma duk ƙasar Gwaram an san magana ɗaya: dafi ba ya kama jinin gidan nan.

Tana cikin zaure wayarta ta yi ƙara. Obadiya ne, mai tayar da jirage marasa matuƙa a cibiyar magunguna ta Birnin Kudu. Mutumin Filato ne, amma shekara shida a Jigawa ta sa ya fi 'yan gari sanin inda ake dama fura mai kyau.

"Sista, na shirya kwalin da kika nema. Kwalba huɗu na allurar dafi, su ke nan suka rage min yau."

"To sako shi mana!"

"Mara lafiya yana asibiti?"

"Yana gida."

"Sista, kin fi ni sanin ƙa'ida. Allurar nan ba a yin ta a tsakar gida, in jiki ya ƙi ta sai da kayan asibiti a kusa. Kuma ga hadari yana haɗowa ta gabas. Minti talatin nake da su. In suka wuce, jirgi ba zai tashi ba."

"Yayana ne, Obadiya."

Ta ji ya sauke numfashi.

"Na sani. Hannuna na kan na'ura. Ki kawo shi, ki kira ni."

Batun mota kuwa babu shi, don rafi ya cinye gadar hanyar Gwaram tun shekaranjiya.

Ta ɗaga labulen ɗakin. Hayaƙin turaren magani ya daki fuskarta. Ashiru na kwance a tabarma, ƙaton mutum da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, hannunsa na dama ya kumbura har gwiwa, an shafe shi da baƙin magani. Tsummar da aka naɗe wurin saran da ita ta jiƙe jagab.

Ya ganta ya yi murmushi.

Gara da bai yi ba. Dasashinsa duk jini ne.

"Juwai, wa ya taso ki? Ɗan ƙaramin abu ne fa."

"Likita ta iso," in ji Baba daga kan buzunsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya harari Bara'atu da gefen ido. "Ashe awon yau har da gulma ake aunawa."

Bara'atu ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Baba, asibiti za mu kai shi. Yanzu."

"A ɗauki ɗan Badaru a kai shi inda ungulun Birnin Kudu ke jefo kwali?"

Sunan da ya raɗa wa jirgin ke nan. Wata takwas yana zuwa garin, yara da tsofaffi na fita kallo, shi kuwa da ya ji ƙararsa sai ya shige ɗaki ya saki labule.

"Baba, jininsa ba ya daskarewa. Dafin kububuwa haka yake yi. Mutum na magana, yana dariya, jini na zuba ta ciki."

"Ni za ki koya wa kububuwa? Kafin a haifi malamin da ya koyar da ke nake wannan aiki."

Ran Juwairiyya ya ɓaci. Amma ta san ubanta, in aka ɗaga masa murya to an rufe ƙofa ke nan. Ta dubi agogon wayarta. Minti huɗu sun tafi.

"Bara'atu, kofunan gilashin nan na jerenki, akwai waɗanda ba a taɓa sha da su ba?"

"Akwai, suna cikin kwalinsu."

"Kawo biyu. Kada ki wanke, kada ki taɓa cikinsu."

Ta zaro sirinji daga jakarta, ta durƙusa gaban uban.

"Baba, ba gardama zan yi da kai ba. Zan ɗibi jinin Yaya in zuba a kofi, in ɗibi nawa in zuba a ɗaya. Mu ajiye minti ashirin. Jinin mai lafiya zai daskare. In nasa ya daskare, wallahi in ɗauki jakata in tafi."

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta sosai. Ya jima. Sannan ya naɗe hannun rigarsa.

"Bar naki. Ɗebi nawa."

Ta ɗiba. A wuyan hannunsa akwai 'yan tsagogi uku baƙaƙe, irin waɗanda ke nata hannun, irin na hannun Ashiru. Duk ɗan gidan da ya kai shekara bakwai ana yi masa su, a shafa baƙin gari, a ce ya sha rigakafi.

Aka jera kofuna biyu a kan faifai. Kowa ya zuba musu ido.

Kowa, ban da Baba. Shi bakin ɗansa yake kallo, carbi na gudu a yatsunsa fiye da yadda ya saba.

"Yaya, garin yaya ta same ka a hannu? Ba noma kuke ba?"

Ashiru ya gyara kwanciya, har da ɗan alfahari.

"Gayya muke a gonar Alhaji. Ta fito daga ƙarƙashin ciyawa, maza suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Na ce ku tsaya, ɗan Badaru na nan. Na sa hannu na ɗauko ta."

"Da hannunka?"

"To da me? Tun ina yaro nake ganin Baba na naɗa gamsheƙa a wuya ranar kasuwa. Sau nawa ta kai masa sara a gabana? Ko ciwon kai."

Carbin Baba ya tsaya cak. Juwairiyya ta gani.

Minti ashirin ba wani abu ba ne in kana hira a bakin rijiya. A ɗakin nan sai da Bara'atu ta shayar da yarinya, ta mayar da ita baya, ta sake sauke ta. Ashiru ya tofa yawu a kasko har sau uku, duk ja.

"Lokaci ya yi."

Ta ɗauki kofin Baba ta karkata shi. Jinin ya zauna daram, ko motsi.

Ta ɗauki na Ashiru ta karkata. Ya gangaro gefen kofin kamar zoɓo.

Bara'atu ta toshe baki da mayafi.

Baba ya karɓi kofin da kansa, ya jujjuya shi a hasken ƙofa. Da ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ku ɗauke shi."

Juwairiyya har ta danna lambar Obadiya.

"Babu inda za ni."

Ashiru ne. Ya yunƙura ya jingina da bango, gumi na keto masa.

"Yaya!"

"Na ce babu inda za ni. Baba, kai ma tsoro ta ba ka da kofin shayi? Jinina faɗa yake da dafin, shi ya sa bai kwanta ba. Na sha rigakafi ko ban sha ba?"

"Ashiru, tashi ka bi ƙanwarka."

"In fita a ɗauke, gari na kallo? Gobe wa zai sake kawo mara lafiya gidan nan? Ni zan kashe sunan kakanni? Gara a fitar da gawata."

"Baban Munawwara, don girman Allah," in ji Bara'atu tana kuka. "Dubi yarinyar nan."

Ko kallonta bai yi ba.

Juwairiyya ta dubi waya. Saura minti huɗu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba a wurin aiki. Ta sha shawo kan masu gudun allura, amma wannan ba allura yake gudu ba. Ya yarda ne, yarda ta shekara talatin da biyar, kuma ba ta da maganin wannan a jakarta.

Ta juya ga ubanta. Ta nuna masa fuskar wayar.

Baba ya miƙe. Ya je lungun ɗakin inda babu mai zuwa sai shi, ya ɗauko babbar ƙwaryar nan mai murfin faifai. Ya zauna gaban ɗansa, ya buɗe, ya kamo gamsheƙar ta wuya. Bara'atu ta ja da baya har ta buge ƙofa.

"Matso ka gani."

Ya sa tsinke ya buɗe bakin macijin.

"Duba da kyau. Me ka gani?"

Ashiru ya leƙa. Ya sake leƙawa.

"Ina haƙoran?"

"Suna bayan rumbu. Da sun fara tsirowa nake cire su. Wannan, da wadda ta gabace ta, da wadda ka gani a wuyana kana ɗan shekara biyar. Duk cikinsu babu wadda na taɓa fita da ita kasuwa da haƙori."



"Tsagar fa?" Ashiru ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Rigakafin fa, Baba?"

"Kakanka ya yi min, na yi muku. Ban taɓa gwada ta ba. Shi ma bai gwada ba." Ya mayar da macijin ya rufe. "Ganyen nan yana sauke kumburi, yana kwantar da raɗaɗi, wannan gaskiya ne. Kuma da yawan masu zuwa nan, abin da ya sare su ba mai kisa ba ne, ko bai zuba dafi sosai ba. Su kwana uku su tashi, a ce Badaru ya yi aiki. Jiya na sa rai naka ma irin wancan ne. Na kwana ina sa rai."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ƙa'idar gidan nan, ranar da za a miƙa wa magaji ƙwarya ake faɗa masa. Ni ina ɗan ashirin da biyar aka faɗa min."

"Ni talatin da biyar nake."

"Na sani."

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. Juwairiyya ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da Inna ta rasu.

"Duk shekara sai in ce bana zan faɗa maka. Sai in fito da ita ranar kasuwa, in ga irin kallon da kake min. Sai in ce bari sai baɗi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba kububuwa ta sare ka ba, Ashiru. Ni ne."

Ashiru ya juyar da fuskarsa ga bango. Kafaɗunsa na motsi.

Saura minti ɗaya.

"Juwai," ya ce, bai juyo ba. "Kira mutuminki."

Bugu ɗaya Obadiya ya ɗauka.

"Muna tahowa!"

"Na gode wa Allah." Ta jiyo wata ƙara ta bayansa kamar an saki roba. "Ya tashi, Sista. Minti talatin da biyar. Kada ki bari ya taka da ƙafarsa."

Bara'atu ta share hawaye ta ce a bi ta ƙofar baya, ta cikin gero, babu mai gani.

"Hanyar ta fi nisa," in ji Baba. "Ta gaba za mu bi."

Shi ya ɗaura wa shanu amalanke. Shi ya tallafo kan ɗansa, maƙwabta biyu suka kama ƙafafu. Shi ya riƙe igiya ya shige gaba, ta gaban masallaci, ta gaban mai shayi, ta gindin ɗorawar da dattawa ke zama.

"A'a, Malam Badaru, lafiya? Wa ke ciki?"

Ya ci gaba da jan igiya, bai sunkuyar da kai ba.

Ku da kuka san ƙauye kun san sauran. Kafin su isa asibiti rabin Kafin Baushe na biye da amalanken, har da waɗanda suka bar tuwo a wuta.

Juwairiyya ta kwantar da Ashiru, ta nemi jijiya ta sa masa ƙarin ruwa, ta jera allurar ko-ta-kwana a kan tire. Tana gamawa ta jiyo ƙarar nan da ta saba, siririya, daga arewa.

Ta fito da gudu. Farin jirgin ya ɓullo ta saman kuka, ta gabas kuwa sama ta yi baƙi ƙirin. Ya yi kewaye ɗaya a kan filin asibiti, cikinsa ya buɗe, jan kwali ya sauko a hankali da 'yar lemarsa. Ya karkata ya kama hanyar gida.

Kafin ta kai wurin wani ya riga ta.

Baba ne. Ya sunkuya ya ɗauki kwalin da hannu biyu, kamar wanda aka miƙo wa jariri ranar suna. Ya bi jirgin da kallo har ya zama ɗigo.

"Da sanyi," ya ce yana miƙa mata.

"A sanyi ake ajiye shi, Baba."

"Wa ke tuƙa shi?"

"Wani Obadiya ne, a Birnin Kudu."

"In kin kira shi ki ce Badaru ya gode."

Kwalba biyu ta juye a ruwan. Ta zauna a gefen gado, yatsunta a wuyan hannun yayanta, idonta a ƙirjinsa. Jikin bai ƙi ba. Babu ƙaiƙayi, numfashi na tafiya daidai.

Bayan awa ɗaya ta ɗauki farar auduga.

"Buɗe baki, Yaya."

Ta goga a dasashinsa, ta ɗaga. Ta sake ɗaukar sabuwa ta goga.

Fara tas.

Bara'atu ta faɗi a wurin ta yi sujada, goyo da komai. Ita kanta Juwairiyya dariya ce ta ƙwace mata haɗe da kuka, farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa audugar.

"Saura gwaji ɗaya," ta ce da ta samu murya. "Bayan awa shida za mu sake na kofi. In jinin ya daskare, shi ke nan. In bai daskare ba, ga kwalba biyu na ajiye masa."

Baba na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, bai shigo ba, bai tafi ba. Ashiru ya ji komai, amma tun da aka fito daga gida ko sau ɗaya bai dubi wajen ƙofar ba. Tsohon ya juya a hankali ya koma baranda.

Iska ta fara kaɗa kwanon rufi.

Sai ga babur ya shigo filin a guje, mutane na darewa. Wani manomi ne daga ƙauyen bayan dutse, ya ɗaure matarsa a bayansa da zani, ƙafarta a kumbure.

"Ina Baba Badaru? Na je gida an ce yana nan! Baba, Ummussalma ce, kububuwa, tun da safe a gonar gyaɗa. Taimaka min da maganin gidanku!"

Dattawan gindin ɗorawa, mai shayi, 'yan gayyar jiya, duk suka zuba wa tsohon ido.

Juwairiyya ta fito ta tsaya a bayansa.

Baba ya sauko daga baranda. Ya duba ƙafar, ya ce matar ta buɗe baki, ya duba. Ya miƙe ya ɗaga murya yadda na can baya ma zai ji.

"Ba ni da maganin wannan. Ban taɓa samunsa ba."

Ya juya ya nuna 'yarsa.

"Ga mai shi nan. Ku shigar da ita."

Hayaniya ta ɓarke. Juwairiyya ba ta ji ko ɗaya ba. Idonta na kan jan kwalin da ke kan tebur, mai kwalba biyu a ciki, na Ashiru. Birnin Kudu babu saura. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ɗigon farko ya sauka a goshinta.

Aka shigo da Ummussalma aka kwantar a gadon da ke kusa da na Ashiru. Ya dubi matar. Ya dubi kwalin. Ya dubi ƙanwarsa da ta tsaya da sirinji a hannu ta kasa gaba ta kasa baya.

Sannan, karo na farko tun da aka kawo shi, ya juya ya dubi ƙofa.

"Baba," ya ce. "Shigo. Akwai magana."